Ya Hura Wutar Shayi Da Katunana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Alhamis, don zuciyata ba alheri take raya mini ba.

Ni mace ce a Dogon Dutsi, sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga karatun manya, na koyi riƙe biro da furfura a kaina. Daga baya aka ɗauke ni aiki wani ƙaramin ɗakin karatu, shara da jera littattafai. Nan na lura mutanenmu ba su kiran littafi da sunan da aka buga mishi. Littafi guda, bango da suna, shafin ciki da wani, Faransanci daban Hausa daban, ga kuma wanda mata sunka laƙa mishi. Sai na riƙa yi wa kowane suna katinshi, in rubuta "duba wuri kaza". Shekara tara ina wannan, akwati biyu cike, ko da wane suna kika zo sai kin samu littafinki.

Bara aka kawo mana sabon shugaba daga Yamai, mai diplom, zai zuba komai cikin ordinatar, wato kwamfuta. Ya shigar da sunan shafin ciki kaɗai, sauran ya ce shirme ne. Na yi magana, ya ce mini gaban mutane wai wadda ta koyi abacada jiya ba ta koya mishi aiki. Wata safiya na iske shi da abokanshi bakin ƙofa suna hura wutar shayi da katunana. Rubutun hannuna na gani yana ci. Ban yi kuka ba, amma ban manta ba.

Watan jiya wata ungozoma ta taho tun daga Kiéché bisa kabu-kabu, tana neman "littafin mai naƙuda". Shugaban ya latsa ordinatar, ya ce babu, ta koma. Littafin yana bayan kanshi. Ina riƙe da tsintsiya na yi shiru, wannan kam har yau yana cina, matar ba ta yi mini komai ba.

To yanzu masu aiko mana littattafai za su zo Alhamis. Sun ce za su zauna da masu karatu, kowa ya nemi littafi a ga ko ana samu, in ba a amfana za su maida taimakon wani gari. Jiya sai ga shugaban namu gidana, harda durƙusawa, yau ni ce Inna, wai ko ina tuna sunayen. Na ce tsufa ya cinye. Ƙarya na yi, duk suna cikin kaina, in na zauna kwana biyu na rubuta su tas.

Wallahi so nake in tsaya da tsintsiyata in ga yana latse-latse zufa na zuba, mata na kallonshi. Amma in aka rufe wurin, shi Yamai zai koma da diplom ɗinshi, mu ne za mu rasa.

In ba shi sunayen, ya kwashe yabo? Ko in bari ya sha kunya, in tashi gaban baƙin in ɗauko littattafan da hannuna, ko da za su ce wurin ba tsari? Mai cewa in yi haƙuri, ya gaya mini da wa zan haƙura, da shi ko da matan.