Muryar Inna Ta Kwana Tara a Waya

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Agadas, yaya Hajara da yara? Mu nan Tumur sai haƙuri.

Tun da aka ƙone eriyar garinmu ba mu da rezo, waya ba ta shiga. Ranar kasuwa muke tara wayoyinmu a buhu, direba ya kai su Diffa don saƙonni su tafi, ya dawo mana da amsa. Masu gyara sun zo sau uku, hoto kawai suke ɗauka su wuce.

Da jikin Inna ya tsananta, na ɗauki muryarta tana kiranka. Sai kogin Komadugu ya cika ya yanke hanya, wayar ta kwana tara a ɗakina. A rana ta shida Inna ta rasu, Yaya. Da hanya ta buɗe na jefa wayar a buhu, bakina ya kasa ɗaukar wannan labari, kuma na manta muryarta tana ciki.

Jiya amsarka ta iso: "Inna, ki daure, ina tafe da magani."

Ka yafe mini. Ka yi mata addu'a, ka gaida kowa. In za ka taho, kada ka sayo maganin.

Ƙanwarka,
Falmata