Reshen Sanobar a Kaskon Turare

Daren Laraba, unguwar Shisha, Makka

Gwaggo Hajara, da ta zo mana umara daga Sakkwato, ta karya babban reshen ɗan itacen sanobar ɗina na tukunya, irin na ado da ake hana shi girma da gangan, ta jefa a kaskon turare. Reshen da na yi shekaru ina lanƙwasa shi da waya, ina ɓoye shi daga zafin Makka a sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki.

Ta ce, "Ɗana, iccen ga naka tsumburarre ne, amma akwai ƙamshi. Ka ajiye mini wani reshen in kai tsaraba."

Na ce, "To, Gwaggo." Me zan ce wa baƙuwar Allah?

Sanobar ba ya sake toho a tsohon wuri. Na ɗauke tukunyar a ɓoye na kulle a ɗakina, kamar ni ne na yi ɓarnar.