Beto Bai Ɗauki Wuƙa Ba

Zuwa ga Kawu Nicanor,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu na rashin Inna Ofelia? Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka ƙarfin zuciya. Mu nan da sauƙi. Yaya Noemí ta sauka lafiya, an sami mace, kuma sunan marigayiya za a sa mata.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, don na san kunnenka ba ya ɗaukar waya sosai, kuma wannan ba maganar da za a yi da ihu ba ce. Maricela, ke da za ki karanta masa, ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta. Na ji labarin da ya iso muku, wai ɗanka Beto ya sha ya bugu ya zare wa ɗan mutane wuƙa. Kawu, ina wurin. Abin da idona ya gani shi zan faɗa maka, har da wanda ba zai yi maka daɗi ba.

Ranar Asabar ce, ƙarfe takwas saura na safe, ina zaune a shagon Doña Chayo inda Beto yake girki. Shekara uku ke nan a can nake karya kumallo kafin in tafi yankan ciyawa a filayen jami'a, don duk garin nan babu inda za ka ci burrito, naɗin gurasar nan mai ƙwai da dankali da wake, a dala uku in ba can ba. Teburina na kusurwa ne. Daga nan ina ganin hannayen Beto a bayan kanta, da kaskon ƙarfe, da katakon yankan nama, da hoton mahaifiyarsa Inna Ofelia da ya jingina a kan firji da ɗan kyandir a gabansa. Tun ranar da ya kalli jana'izarta a waya, yana tsaye a bayan shago, bai ƙara doguwar magana da kowa ba. Da can da na shigo zai ɗaga murya ya ce ga akuyar jami'a ta gaji da ciyawa ta zo cin abincin mutane, a ɓoye wake. Yanzu sai dai ya ɗaga mini haɓa. Maganar giya kuwa ƙarya ce. Washegarin rasuwar ya je coci ya yi rantsuwar shekara guda ba zai taɓa giya ba, ni na raka shi.

Ranar ana wasan ƙwallo a jami'a, shago ya cika da ɗalibai tun da wuri, fuskoki duk fenti, layi har bakin titi. Doña Chayo tana karɓar kuɗi tana cewa su yi haƙuri 'ya'yanta, mai girkin hannu biyu Allah Ya ba shi. A gaban layi akwai wasu ƙatta huɗu, kowanne ya yi biyun Beto. Ɗayansu dogo mai jan gashi, daga baya na ji sunansa Garrett. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai shigo da faɗa ba, yunwa ce da rawar kai. Yana jira sai ya fara ƙwanƙwasa kanta da yatsu. Ka san bugun nan, Kawu, biyar a jere sannan biyu, wanda direbobin manyan motoci suke yi da hon idan za su zagi uwar mutum. Kai da kanka ka taɓa ɗauke ni da mari a kasuwa ranar da na yi shi da fito. To a wurin mutanen nan wasan yara ne kawai. Ɗaya ya buga biyar, wani ya amsa masa da biyu, a yi dariya. Na san haka, Doña Chayo ta sani, Beto ma da ya shekara tara a ƙasar nan ya sani, a ranar da hankalinsa yake jikinsa.

Bugun farko, duk wani namu da ke shagon ya daina tauna. Bugu na biyu, abokansa suka amsa masa a kan tebur suna ƙyalƙyala dariya. Na ga wuyan Beto ya ƙage. Doña Chayo ba ta ko juya ba ta ce masa da harshenmu ya rabu da su, 'ya'yan madara ne, ba su san abin da suke faɗa ba, ya naɗe musu abincinsu su tafi. Ya kuwa naɗe. A lokacin ne yaron ya sunkuyo kan gilashin kanta, ya dubi Beto ido cikin ido yana murmushi, ya buga biyar ɗin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna shi da yatsa, wai shi ya ƙarasa. Hoton kuwa yana daidai bayan kan Beto.

Nan ne wurin da nake so ka saurara da kyau. Wuƙar yankan nama tana kan katako a damansa. Ya ɗauke ta, ya dube ta, ya jefa ta cikin bahon wanke-wanke, har na ji ƙarar faɗawarta a ruwa. Abin da ya rage a hannunsa burriton yaron ne, a naɗe cikin takardar nan mai ƙyalli. Da shi a dunƙule ya dafa kanta ya tsallako.

Ya same shi a tsakiyar fuska. Na ji hancin ya ba da ƙara kamar an taka busasshen kara. Abincin ya fashe, jan barkono da jini suka haɗu suka wanke masa riga, ya tafi da baya ya faɗa kan masu layi. Beto ya bi shi ƙasa, ya hau ruwan cikinsa, yana duka yana cewa maimaita, ɗan iska, maimaita in ji, uwar wa. Yaron yana kare fuska yana ihu da Turanci yana tambayar me ya yi. Na ƙirga duka huɗu. Haƙoransa biyu na gani a ƙasa kusa da ƙafar tebur. Ba zan ɓoye maka ba, ɗanka ya yi wa yaron nan mummunan duka, kuma shi ya fara.

Sai sauran ukun suka rufe shi. Ɗaya ya ɗaga kujerar ƙarfe ya sauke masa a gadon baya, ɗaya ya shaƙo wuyansa ta baya ya ja shi, na ukun ya yi ta harbinsa a haƙarƙari da takalmi kamar yana fasa ƙofa. Da ya kai ƙasa ba su bari ba. Mai kujerar ya take masa hannun dama, ya murza. Doña Chayo ta fito da tsintsiya tana jibgarsu tana kiransu jakuna, 'ya'yan da ba a yi wa tarbiyya ba, tana cewa za ku kashe mini shi, za ku kashe mini shi a kan wake. Ni kuwa sai da na ga an ɗauki kwalbar miya za a fasa masa a ka sannan ƙafafuna suka yarda suka tashi. Na riƙe hannun mai kwalbar, ya juyo ya sauke mini ita a kunne. Ɗinki biyar aka yi mini, ya warke, kada a gaya wa Mama. Wani direban bas da ke cin abinci a bakin taga, Darnell, shi ya shiga tsakani ya watsa su, yana daka musu tsawa wai uku a kan ɗaya, haka aka koya musu a aji?

Cikin wannan hayaniya wata yarinya ta ƙwalla ihu wai wuƙa, wuƙa, ta ga abu yana ƙyalli a hannunsa. Kafin 'yan sanda su iso kalmar ta zaga bakin kowa. Da muka ji jiniya, mu da ba mu da takardun zama muka dubi juna. Kawu, na bi ta ƙofar baya tare da su. Na bar Beto a kwance yana numfashi da ƙyar, na tsallake shi na fita. Wannan ma ka sani, don ba na so ka ji shi a bakin wani.

Yanzu yana tsare. Haƙarƙari uku sun karye da yatsu biyu, amma an ɗaure, yana cin abinci. Lauyar da aka ba shi ta yi wa Doña Chayo bayani dalla-dalla. In alƙali ya yarda da hannu ya yi duka, 'yan watanni ne, wataƙila daga nan a maido muku shi gida. In kuwa aka tsaya a kan wuƙa, shekaru ne masu yawa, kuma ni da kai mun san shekarunka. Abokan yaron uku sun rantse sun ga wuƙa. Hoton da wani ya ɗauka da waya bai nuna komai ba sai wani abu mai ƙyalli. 'Yan sanda sun tsamo wuƙar a baho, suka ce ai jefa ta aka yi bayan faɗa. Doña Chayo tana fuskantar layi lokacin da ya ajiye ta, ba ta gani ba. Kujera ɗaya ce a duk shagon da ake ganin bahon nan daga kanta, kuma ni ne a kai.

Shekaranjiya ina yankan ciyawa a bayan ɗakin karatu sai ga Garrett, fuska a kumbure, hanci a naɗe. Na daɗe ina kallonsa kafin in kashe inji. Turancina bai kai ba, sai na roƙi wata ɗaliba 'yar mutanenmu, Yesenia, wadda ita ma tana layi ranar, ta fassara mini. Da ya gane ni ya ja da baya, ya ce in na matso zai kira 'yan sanda. Na ce ba faɗa na zo yi ba, tambaya ɗaya ce: ya san abin da ya buga? Ya ce wane bugu? Sam bai ma tuna ba. Da na ƙwanƙwasa masa a jikin inji, Yesenia ta faɗa masa ma'anarsa a wurinmu, ta gaya masa hoton wace ce a kan firji da kwana nawa da binne ta, sai ya zauna a kan dakali. Ya ce kakansa ne ya koya masa, haka yake ƙwanƙwasa masa ƙofar ɗaki kullum da safe yana yaro. Na tambaye shi ko ya ga wuƙa. Ya ce shi bai ga komai ba sai silin. Na ce to ya faɗi haka a kotu. Ya taɓa bakinsa inda babu haƙora, ya ce babansa ya riga ya ɗauki lauya, shi bai sani ba. Bai yi mini alkawari ba, ni ma ban matsa ba.

Ranar Alhamis za a zauna. Lauyar ba ta ruɗe ni ba, ta ce duk wanda ya tsaya ba da shaida sai ya faɗi cikakken sunansa da inda yake kwana, kuma ba ta da ikon hana jami'an shige da fice tsayawa a bakin ƙofa. Mijin Yaya Noemí ya ce ni wawa ne, za a yi asarar mutum biyu maimakon ɗaya. Wataƙila gaskiyarsa. Amma sau ɗaya na tsallake Beto, kuma na ji yadda abin yake. Na kai kayana gidan Noemí, na guge farar rigata. In kun ga na iso gida ba sanarwa, kun san hanyar da na biyo.

Ka gaishe mini da Mama, ka gaya mata maganar shaidar nan da bakinka, a zaune, bayan ta ci abinci. Gaisuwa ga Gwaggo Herminia, da Baffa Cleto, da Maricela da yaranta. A sa mu cikin addu'a ranar Alhamis.

In wani ya ƙara cewa ɗanka ya zare wuƙa, ka ce masa ga waɗanda suke wurin. Akwai Doña Chayo, wadda ta ce masa ya rabu da su. Akwai Darnell direban bas, ya ce zai ajiye motarsa ya zo ko da za a yanke masa albashin ranar. Akwai Yesenia, da wata tsohuwa Misis Lindqvist da ke shan kofi a bakin ƙofa, ta ce ita ta share wake daga tabaraunta, ba ta san wuƙa tana zubar da wake ba. Akwai wasu mutum biyu 'yan garinmu da ba zan rubuta sunansu a takarda ba, ba kuma na ganin laifinsu. Sai ni, da na ga inda wuƙar ta faɗa. Sunana ne na farko a takardar lauya.

Ɗanka,
Efraín