Kwale-kwalen Maigidana

Barnawa, daren Lahadi, daminar 1999

Yau Malam ya gama kwale-kwalen katakon filawud ɗin da yake haɗawa a tsakar gida tun da masaƙa ta sallame shi. Kowa na zancen komawar sojoji bariki, shi kuwa guduma da kwalta ne a gabansa.

Da la'asar maƙwabta suka kama masa zuwa bakin kogi. Ya shiga, ya miƙo mini hannu.

Na ce, "Malam, ban iya ruwa ba!"

Ya ce, "Ni na iya. Taho, Maman Sadiya."

Na shiga ina salati. Ruwa na tsattsafowa, ina kwarfewa da kwanon miyata, sai na ji yana waƙar masuntan garinsu. Rabon da in ji muryarsa haka tun ina amarya. Gobe zan tafi da babban kwano.