Hadarin da Ya Taso ta Yamma

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ƙafar Baba, da sauƙi?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari saboda hayaƙin wurin gasa bulo, wannan kuwa kowa a nan yana yin sa. Kada ka gaya wa Inna.

Aiki yana nan yadda ka sani: mu kwaɓa yumɓu, mu buga, mu shanya ɗanyen bulo a fili ya bushe kafin a gasa. Rufe shi da tamfol in za a yi ruwa, a wuyana yake. Ranar Laraba rediyo ta ce ruwa zai sauko da la'asar. Direbanmu ya ce, "Ɗan'uwa, ka rufe. Masu hasashen yanayin nan ba duba suke yi ba. Balan-balan suke saki sama ɗauke da na'urar auna iska, tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton gajimare, kwamfuta ta yi lissafi." Na dubi gabas yadda Baba ya koya mana, na gan ta fes. Har dariya na yi masa.

Ashe hadarin ƙasar nan ta yamma yake tasowa. Kafin in jawo tamfol, wahalar abokan aikina duk ta koma taɓo. Maigida bai kore ni ba tukuna, amma ya daina amsa gaisuwata. Ku sa ni a addu'a.

Ka ce wa Baba har yanzu in na fito da safe gabas nake fara dubawa. Na san ruwa ba ya zuwa ta can. Ku nake hange.

Ƙanenka.