Ta'aziyyar Malam Manu Gidaɗo, Wanda Ya Faɗi a Bayanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhinin da har yau bai bar ɗayanmu ya ɗaura takalmin gudu da natsuwa ba, Ƙungiyar 'Yan Gudun Fanfalaki ta Mafara, Bakura da Maradun, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Sallau Ɗantani, tana sanar da iyayen ƙasa, malamai, dattawa da ɗaukacin jama'ar yankin Bakolori cewa ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma mai horar da ita, wanda muke kira Sarkin Gudu, Malam Manu Gidaɗo Damaga, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, a bakin babban kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Mafara da Bakura, yana da shekara hamsin da ɗaya. Na rubuta "ta karɓi labari" don haka aka saba rubutawa. Amma abin da kunya: a kan hanya guda muke gudu tare da shi, kuma sai da wani manomin albasa ya biyo mu a keke har Bakura sannan muka sani. Iyalinsa sun tambaye mu yadda aka yi mutum goma sha ɗaya suka bar mutum ɗaya a ƙasa, kuma ba zan rufe wannan takarda ba sai na ba su amsa.

Marigayin ɗan kiwo ne, a bayan shanun mahaifinsa ya koyi gudu. Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya taso, tungarsu na cikin waɗanda ya haɗiye. Aka ɗora mata da tsofaffi a mota zuwa sabon matsuguni, shi kuwa ya koro dabbobi da ƙafa. Ya sha ba mu labari cewa mahaifiyarsa ta juya baya a kan motar nan tana kallon tsamiyar ƙofar gidansu har ta ɓace mata, kuma daga ranar ba ta ƙara lafiya ba. Shi ko bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Daga baya ya samu aikin buɗewa da rufe ƙofofin ruwa a kanal. An ba shi keke, ya jingine shi a zaure kaji na kwana a kai, ya riƙa bin ƙofofin nan a guje. A nan Alhaji Sallau ya gan shi, ya tsayar da mota ya tambaye shi ko wani abu ne ya biyo shi. Asalin wannan ƙungiya ke nan, shekara biyar da suka wuce.

Mu da ya tara, malaman makaranta ne, da teloli, da manoman shinkafa, da wani mai faci. Ba mai cin abinci da gudu a cikinmu, son abin ne kawai. Ana sallame sallar asuba muna bakin kanal. Litinin da Laraba gudu ne a yashin gulbi har sai sha-raɓa ta yi kamar an zuba mata garwashi. Alhamis hawan ganuwar dam sau goma, wanda ya ce wayyo a ƙara masa biyu. Asabar doguwar tafiya, kowane mako a ƙara mil ɗaya. Shi ya koya mana shafa man kaɗe a matse-matsi, da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan daga gorunan da yake ajiyewa a gindin ƙofofin ruwa, da haƙuri da fura sai numfashi ya koma mazauninsa. Da azumi yakan mayar da gudun daf da magariba, yadda mutum zai ƙare da dabino a hannu. Bai taɓa ɗaura agogo ba, amma zai ce maka ka yi awa ɗaya da kwata, ka duba naka ka ga ko minti bai kuskure ba. Ni dai ya raina ƙafafuna ƙwarai, yakan ce Allah Ya ba ni ilimi Ya haɗa mini da turame biyu.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. Kullum shi ne na ƙarshe a layi, yana kora mu kamar yadda ya saba kora shanu, kuma ya hana kowa waiwaye. Cewa yake waiwaye na karya numfashi, yana kuma nuna wa abokin takara ka gaji. "Kak ka waiwaya," haka yake faɗa. "Wanda ag gabanka shi an naka, wanda ab baya nawa na." Wanda ya juya kai, gobe shi kaɗai zai hau ganuwar dam. Shekara biyar muna haka, har wuyanmu ya manta yana iya juyawa. Ba mu buƙatar gani, domin takalmansa na taya suna da ƙararsu, fat, fat, fat, kowa ya san ta. Ba wanda ya taɓa tambaya, idan shi ne ya faɗi, shi na wa ne.

Asabar ɗin nan ita ce gwajinmu na ƙarshe kafin babbar gasar da za a yi a Ikko, wato Legas, nan da mako uku. Gurbi biyar aka ba yankinmu, ga waɗanda suka ci mil ashirin cikin awa biyu da kwata. Muka tashi daga bayan kasuwar Mafara muka miƙe kanal. Muka isa Bakura, muka zube a inuwa muna murna, muna zolayar Sarkin Gudu yau tsufa ya cim masa. Muna cikin dariyar nan Malam Sambo, manomin albasa, ya iso a keke ba hula a kansa. A ƙofar ruwan da ke mil na goma sha bakwai ya same shi, zaune ya jingina da ƙarfen ƙofa, ya cire takalmansa ya jera su a gefe. Da sauran numfashinsa. Malam Sambo ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya ba shi. Ya ce abin da marigayin ya tambaye shi kawai shi ne, "Sun kai?" Bai san su wa ake nufi ba, amma ya ce masa sun kai. Sai marigayin ya yi kalmar shahada. Malamin asibiti ya ce zuciya ce, kuma ya jima a zaune a wurin kafin rai ya fita. Da an kai shi da wuri, abin da zai faru Allah kaɗai Ya sani.

Tun ranar, mutanenmu sun yi ta rantsuwa cewa sun ji ƙarar takalmansa a bayansu har cikin Bakura. Ɗanasabe tela, wanda ya fi kowa sauri a cikinmu, ya koma kanal shekaranjiya shi kaɗai, ya dawo ya ce wallahi ana bin sa, fat, fat, fat, kuma ya kasa juyawa. Liman ya ce mana sabo ne, kunne ke maimaita abin da ya saba ji, mu yawaita istigfari. Mun karɓa. Amma yanzu a cikinmu babu mai son ya zama na ƙarshe a layi.

A madadin Shugaba da dukkan 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa, Malama Taibatu, da 'ya'yansa shida, da yayarsa Adda, da Dagacin Damaga, da abokan aikinsa na kanal. Allah Ya jiƙan Malam Manu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Iyakar abin da Shugaba ya karanta ya amince ke nan. Saura nawa ne ni kaɗai, kada a ɗora wa kowa.

Ran Juma'a na je gidan marigayi karɓar goruna. Malama Taibatu ta yi mini magana ta bayan zana, ta ce, "Malam Sanusi, ka riƙa duba min shi, ƙirjinai na ta suka kwanan ga, ya hana in faɗi." Na ce to, in sha Allahu. Washegari ni ne na goma sha ɗaya, ba kowa tsakanina da shi. A mil na goma sha huɗu ya ce in ƙara wuta, na fara wuce mutane, shi kuma ya biyo ni a manne, don ya san shekara uku nake neman gurbin nan. Duk waɗanda na wuce, ya wuce su tare da ni. Da ya ratse ya sauka bayan ƙofar ruwa, waɗanda muka bari a baya suka zo suka shige shi, ba wanda ya ɗauke ido daga ƙeyar na gabansa. Ni kuwa ba zan yi rantsuwar da 'yan'uwana suke yi ba. Na ji sa'ad da ƙarar takalmansa ta rikice, na ji sa'ad da ta tsaya. Maganar Malama ta faɗo mini a rai a take. Na dubi agogona. Na ce wa kaina ai doka ce, shi ya hana, na ci gaba. Kai, ƙarya nake! Gurbin nake so.

Na cire sunana daga masu tafiya Ikko, kuma na san wannan bai gyara komai ba. Malama, idan kin fita takaba zan zo in durƙusa a zaurenki, abin da kika ga dama ki faɗa mini, ba zan ɗaga kai ba. Na shiga Bakura da rarar minti huɗu a kan lokacin da ake nema. Jiya na tsaya a tsakar gida na auna da agogon nan, waiwaye ɗaya daƙiƙa biyu yake ci.

Sa hannu:
Malam Sanusi Barau,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar 'Yan Gudun Fanfalaki ta Mafara, Bakura da Maradun,
Talata Mafara, Jihar Sakkwato, 1984.