Dokar Kulle Ƙofa

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na yi farin ciki da jin cewa jami'a ta amince ki rubuta kundin digirinki na biyu a kan shugabancin makarantun cikin birni, kuma kin zaɓi makarantar da na shugabanta har na yi ritaya. Na yi magana da shugaban yanzu, wanda ni na koya masa riƙe alli; zai buɗe miki kowane aji. Ki lura musamman da dokar da na kafa ta kulle ƙofa da zarar an buga ƙararrawa. Har gobe ana bin ta, kuma ita ce ta tsayar da makarantar da ƙafafunta.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya jiki? An ce har yanzu kana wasan ɓuya da maganin likita.

Malamar da ke duba aikina ta ce in bar ofis in tsaya a bakin titi, na kuwa tsaya. Kawu, yaran da ake kulle wa ƙofa kusan duk daga sababbin unguwannin bayan gada suke. Sai sun sauya mota a hanya, ga cunkoso. In suka tarar da kwaɗo a ƙofa ba gida suke komawa ba, tasha suke wucewa. Wasu sun daina zuwa gaba ɗaya.

Dole kundin ya faɗi haka, kuma duk wanda ya karanta zai san dokar wane ne. Kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba. In ka ce a'a, zan sauya makaranta in faro daga farko, ko da shekarar za ta tafi.

'Yarka

Uwata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsanake. Lokacin da na kafa dokar nan, bayan gada gonaki ne. Kowane ɗalibi da ƙafa yake zuwa, wanda ya makara kuwa barci ne ya makarar da shi. Makarantar da ba ta san lokaci ba, kasuwa ce. Ina tsoron malamanku na jami'a sun fi sanin tausayi a kan tarbiyya. Ki ba ni lokaci in yi nazari.

Kawunki

Kawu,

Shiru ya yi yawa, kuma wa'adin miƙa kundin ya matso. Maigadi ya ce mini kwanan nan wani dattijo mai farar hula yana zuwa da safe ya tsaya tsallaken titi, ba ya shiga. Wai jiya ya bi yaran har tasha. Ban tambaye shi kamanninsa ba.

Me zan yi?

'Yarka

Uwata,

Kada ki cire ko harafi ɗaya. Ban ce na yarda da ke ba. Amma kin nuna illar ƙofa a kulle, ba ki faɗi yadda za a koyar da ajin da ake shigowa ɗaiɗai har hantsi ba. Ranar kare kundin ki ajiye mini kujera a gaba. Ni zan yi miki wannan tambayar, don haka ki shirya.

Allah ya ba ki sa'a.
Kawunki